Tsibirin Gore: Ganin Ƙofa Ba Shiga Gari Ba Ne

Tafiyar minti 20 ce a jirgin ruwa daga tashar Dakar zuwa Gore, kuma tun kafin jirgin ya tsaya mutum ya gama ƙare wa tsibirin kallo daga wannan baki zuwa wancan. Tsawonsa bai cika kilomita ɗaya ba, faɗinsa kuwa ko rabin haka bai kai ba. Unguwanni da yawa a Kano sun ninka shi. Mutanen da ke kwana a cikinsa ba su kai 2,000 ba. Babu mota, babu a-daidaita-sahu, babu kwalta. Rairayi ne da baƙaƙen duwatsu da lunguna, sai tsofaffin gidaje masu launin jar ƙasa da ruwan ɗorawa, waɗanda furanni suka yi wa lulluɓi ta saman katanga.

Wannan ƙanƙantar ce ta cuci Gore. Da yake mai sauri zai iya kewaye shi cikin awa guda, sai masu shirya wa baƙi tafiya suka yanka masa rabin yini. A hau jirgin hantsi, a shiga Gidan Bayi, a tsaya a bakin ƙofar nan mai fuskantar teku a ɗauki hoto, a ci shinkafa da kifi kusa da tasha, a sayi 'yar tsaraba, la'asar na yi a juya Dakar. Wanda ya yi haka zai koma gida yana cewa ya je Gore, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Gore wuri ne na kwana uku, a shiga ranar Juma'a a fito ranar Litinin, kuma wanda ya ba shi awa uku ya ga ƙofa ɗaya ne kawai ya baro gari sukutum a bayansa.

Maganar ta fi shafar Hausawa fiye da yadda ake zato, domin Senegal ba baƙuwar ƙasa ba ce gare su. Tun haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, hanyar Kaulaha ba ta sake yin ciyawa ba. Duk shekara lokacin Maulidi jama'a na tashi daga Kano da Zariya da Gusau da Damagaram da Kumasi su nufi Madina Baye, wasu ta sama, wasu ta ƙasa suna kwanaki a mota. Ga 'yan kasuwa, ga ma'aikata masu zuwa taro. Mai fasfon Najeriya ba ya neman biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, mutumin Nijar kuwa sefar da ke aljihunsa ita ce ake kashewa a kasuwar Dakar. Da yawa daga cikin waɗannan matafiya suna ratsa Dakar sau biyu, zuwa da dawowa, ba tare da sun ko leƙa bakin teku ba. Ba wanda zai ce wa mai neman na tuwo ya ci bashi ya je hutu, tikitin jirgin sama daga Kano ta Legas zuwa Dakar ba na yaku-bayi ba ne. Da wanda ya riga ya biya kuɗin ya isa ƙasar ake magana, wanda abin da ya rage masa kawai shi ne ya ƙara kwana uku a kan tafiyarsa.

Kuma nan ne gizo ke saƙa. Bahaushe matafiyi ne na gaske, ya san hanyar Gwanja da ta Makka tun ba a san mota ba, amma tafiyarsa kullum da dalili: fatauci, karatu, ziyara, asibiti, zumunci. Tafiya don a je a zauna kawai, wannan sunanta zaman banza, ko kuma aikin wanda kuɗi ya yi wa yawa. Ko waɗanda suka koyi yawon buɗe ido ma, yawancinsu Dubai suke nufa, inda hutun yake komawa cinikin gwal da turare. Ga kuma tsoron ruwa, wanda ba a raina shi. Mutanen da suka ji labarin kifewar jirage a Warrah ta jihar Kebbi da Bagwai ta jihar Kano a 2021 suna da hujjar ɗari-ɗari, Senegal ɗin kanta ba ta manta da jirgin Joola da ya nutse a watan Satumban 2002 da mutum sama da 1,800 ba. Amma jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Dakar da Gore manya ne, na ƙarfe, masu lokacin tashi da tikiti, kuma a cikinsu 'yan makaranta da ma'aikata ke zuwa suna dawowa kullum. Ɗaya sunansa Beer, wato sunan tsibirin da harshen Wolof. Ɗayan kuma Kumba Kastel, sunan aljanar da mutanen da can suka ce ita ke tsaron tsibirin, kamar dai yadda Kanawan farko suke da Tsumburbura a kan Dala.

Abu na farko da mai kwana yake samu, wanda mai rabin yini ba ya samu, shi ne yammacin Juma'a. Da rana tsibirin kamar kasuwa yake: ayarin Turawa da baƙaƙen Amurka, ɗaliban makarantun Dakar a jere bayan malamansu, masu jagora suna ɗaga murya da Faransanci da Turanci, samari suna tsalle daga kan tasha cikin ruwa suna cafko kuɗin da baƙi ke jefa musu. Da rana ta yi sanyi sai jirgi ya kwashe su rukuni-rukuni. Masu rumfuna su naɗe kayansu. Yaran gari su karɓe ɗan bakin ruwan da ke kusa da tasha, wasu su fito da ƙwallo a filin da ɗazu ake ɗaukar hoto. Mata su fito da kujeru ƙofar gida, ƙanshin soyayyen kifi da turaren wuta ya cika lungu, kyanwoyi su fara sintiri. Can ƙasan tudun da ake kira Kastel akwai wani ƙaramin masallacin dutse da aka gina a ƙarshen ƙarni na 19, yana cikin tsofaffin masallatan dutse na ƙasar, kuma kusancinsa da teku ya kai mai salla yana jin igiyar ruwa na dukan duwatsu a bayan bango. Wanda ya yi magariba a nan, ya fito ya ga fitilun Dakar sun jeru a ƙetaren ruwa babu ƙarar ko mota ɗaya da ke iso shi, ya fara gane cewa wurin da ya zo gari ne mai liman da mai unguwa da masu bashi da masu biki.

Idan hutun Ista ne, wato Juma'a zuwa Litinin, akwai ƙarin riba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, iskar teku tana riƙe Dakar a wajajen 25. Da dare sai an nemi mayafi.

Gidan Bayi dai dole a je, kuma mai kwana uku yana iya zuwa sau biyu, ya zaɓi lokacin da cunkoso ya ragu. Gida ne mai hawa ɗaya da aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, na iyalin Pepin, wasu attajirai ruwa-biyu. Matakala biyu ne suka lanƙwasa suka hau sama inda masu gida ke zama. A ƙasa akwai ƙananan ɗakuna masu duhu, sai wani siririn soro da ya miƙe ya ɓulle ga teku. Ƙarshen soron nan ne ake kira ƙofar da ba a dawowa. Mutumin da ya mayar da gidan abin da duniya ta sani a yau shi ne Bubakar Yusuf Njai, tsohon sojan Faransa a yaƙin duniya na biyu, wanda ya riƙe gidan tun daga 1962 har rasuwarsa a 2009. Shekara arba'in da ɗoriya yana tsayawa a tsakar gidan yana ba da labari, yana ɗaga mari da sarƙa, mutane suna kuka. UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Nelson Mandela ya zo. Paparoma John Paul na Biyu ya zo a 1992 ya nemi gafara kan cinikin bayi. Bill Clinton ya zo a 1998, George Bush a 2003, Barack Obama a 2013, shi ma ya tsaya a bakin ƙofar.

To amma akwai gardama a kan gidan, kuma mai rabin yini ba ya samun sukunin jin ta. An daɗe ana faɗa wa baƙi cewa miliyoyin mutane ne suka fita ta Gore. Masana tarihi da suka bi takardun jiragen ruwa sun ce lissafin bai hau ba. Baki ɗayan waɗanda aka ɗora wa jirgi daga Afirka zuwa ƙetaren Atlantika cikin ƙarni huɗu sun kai kimanin miliyan 12 da rabi, kuma mafi yawansu ta wasu wuraren suka fita: Luwanda da gaɓar Kongo, Wida a ƙasar Benin ta yau, Boni da Kalaba da Legas da Badagiri. Philip Curtin, ɗan Amurka da ya ƙware a wannan lissafi, ya ce abin da ke fita ta Gore a shekara ɗaruruwa ne kawai. A 1996 jaridar Le Monde ta Faransa ta buga wani rubutu da ya kira labarin gidan tatsuniya, ran mutanen Senegal ya ɓaci, har aka kira taron masana a tsibirin a 1997. Wasu ma sun nuna cewa bayan ƙofar duwatsu ne, jirgi ba zai iya matsowa nan ya yi lodi ba.

Ina gaskiyar take? Masu lissafin sun fi hujja, kuma ba a taimaki tarihin Afirka da ƙarin gishiri ba, domin duk ranar da aka kama ƙari ɗaya sai mai musu ya samu abin kafa hujja ya ƙaryata sauran. Amma waɗanda suka ɗauki wannan suka ce ashe Gore wasan kwaikwayo ne, su ma sun kauce. An sayar da mutane a nan, an tsare su, an ɗora su a jirgi. Dubu ashirin ko talatin ba ƙaramin adadi ba ne ga wanda kakarsa ke ciki. Abin da kuma ya fi muhimmanci, wanda binciken masana irin su Ibrahima Caw na Jami'ar Dakar mai haƙa ƙasa ya ƙara fitowa da shi, shi ne bautar da aka yi a cikin tsibirin kansa. A ƙarni na 18 fiye da rabin mazauna Gore bayi ne na gida: magina, maƙera, matuƙan kwale-kwale, masu daka, masu wanki, masu reno. Su ne suka fasa duwatsu suka gina gidajen nan masu kyau da ake ɗaukar hotonsu. Iyayen gijinsu kuwa sau da yawa mata ne, waɗanda ake kira sinyar, 'yan ƙasa ko ruwa-biyu da ke auren Turawan kamfani na ɗan lokaci, su mallaki gidaje da jiragen fito da bayi, su yi kasuwancin ƙaro da fatu. Idan za su coci ko biki, kuyanginsu ne ke biye da su ɗauke da gwala-gwalai don a ga arziki. Saboda haka duk tsibirin gidan bayi ne, kuma sai wanda ya bi lungunansa a hankali yake ganin ƙananan ɗakunan ƙasa a kusan kowane tsohon gida.

A nan Bahaushe ya kamata ya ɗan yi shiru. Kalmomin da ake buƙata don bayyana rayuwar Gore ta wancan zamani duk akwai su a harshensa, ba aro ya yi ba: bawa, baiwa, kuyanga, ƙwarƙwara, bacucane, rinji, murgu, fansa. An sayar da mutane a kasuwar Kurmi. Sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya, shekara 88 bayan Faransa ta soke ta a Gore a 1848, Nijar kuwa sai a 2003 ta mayar da ita laifin da ake hukuntawa. A ɗaya gefen kuma an sayar da Hausawan su ma, yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka tura su kudu, aka fitar da su ta Legas da Wida zuwa Bahiya ta ƙasar Brazil, inda suka shirya tawaye a 1807, suka sake a 1814, wasunsu kuma suka shiga boren Musulmi na watan azumin 1835. Wanda aka yi wa, kuma wanda ya yi. Laifi tudu ne, kuma tsayawa a bakin ƙofar Gore a tsine wa Bature abu ne mai sauƙi da ake gamawa cikin minti biyar. Tunanin ɗaya ɓangaren yana bukatar dare, da wurin zama, da rashin abin da za a yi gaggawar komawa gare shi.

Asabar da Lahadi na sauran garin ne, kuma sauran garin yana da yawa. Turawan Fotugal ne suka fara sauka a 1444. Turawan Holan suka karɓe suka raɗa masa sunan da ya rikiɗe ya zama Gore, Faransawa suka ƙwace a 1677, Ingila ta yi ta karɓa tana mayarwa har 1817. Duk wannan kokawa a kan dutsen da ko ruwan sha na kirki ba shi da shi, sai an tara na sama ko an yo dako daga gaɓa. Abin da suke so shi ne mafakar jirage da wurin da sarakunan ƙasa ba za su iya kawo musu hari ba. Da aka kafa Dakar a 1857 kasuwa ta ƙaura, Gore ya fara kwantawa. A 1878 zazzaɓin shawara ya yi wa tsibirin ɓarna, har yanzu akwai ginin tunawa da likitoci da masu haɗa magani da suka mutu a bakin aiki. A arewacin tsibirin akwai wata kewayayyiyar ganuwa ta shekarun 1850, ta taɓa zama kurkuku, yanzu gidan tarihi ce, kuma sau da yawa ba kowa a ciki alhali ana turereniya a Gidan Bayi. A kan Kastel kuma, bayan an bi wata hanya da kukoki suka yi wa rumfa, akwai manyan igwa da ramukan siminti na zamanin yaƙin duniya na biyu, lokacin da Ingila da dakarun Janar de Gaulle suka kawo wa Dakar farmaki a watan Satumban 1940 suka koma ba nasara. Yau masu zane ne ke zaune a ramukan, suna shanya hotunansu a jikin igwa.

Sai wani tsohon gini da yawancin baƙi ke wucewa ba su ko waiwaya ba, alhali don shi kaɗai ya isa mutumin Nijar ya yi tattaki. Nan ne makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930, kafin a mayar da ita Sebikotan. Faransa tana tsamo yaran da suka fi ƙwaƙwalwa daga duk ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma ta kawo su nan, don ta samu malaman makaranta da akawuna da mataimakan likita. Abin da ta samu ya wuce abin da ta nema. A nan Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya yi karatu, da Modibo Keita na Mali, da Hubert Maga na Dahome, da Mamadu Dia na Senegal. A nan Bubu Hama na Nijar ya yi, haka ma Jori Hamani, wanda ya zama shugaban Nijar na farko a 1960. A yi tunanin yaro daga bakin kogin Isa ko daga ƙasar Zabarmawa, wanda bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba, an kawo shi an ajiye a kan dutse tsakiyar teku shekara uku. Wurin Katsina Kwaleji ne na ƙasashen Faransa, kuma halin da ginin yake ciki a yau bai dace da wannan matsayi ba.

A tsibirin nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fata na farko daga Afirka da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Faransa, a 1914. Shi ne kuma ya zagaya a 1918 yana tara wa Faransa dubun dubatar samari zuwa fagen yaƙi, abin da har yau ake muhawara a kansa. Sunansa ne a kan filin jirgin saman da baƙon ya sauka, wanda aka buɗe a 2017. Karatu ma bai bar Gore ba: akwai makarantar kwana ta 'yan mata mai sunan marubuciya Mariama Ba, inda ake kai yaran da suka fi kowa cin jarrabawa a faɗin ƙasar.

Akwai masu cewa bai kamata a je hutu a wurin makoki ba. Yaya mutum zai fito daga ɗakin da aka tsare bayi ya je ya zauna a bakin ruwa yana shan zoɓo? Maganar tana da nauyi, kuma akwai baƙin da halinsu ke ba da kunya, masu dariya da gyara tsayuwa a bakin ƙofar kamar suna gidan biki. Amma wannan ra'ayi, idan aka bi shi har ƙarshe, yana mayar da mazauna tsibirin kamar wasu da suka tare a maƙabarta. An ga inda irin wannan kallo yake kaiwa a 2003: ranar da Bush ya zo yin jawabi a kan 'yanci, mazauna garin sun koka cewa tun da sassafe jami'an tsaro suka tattara su a filin ƙwallo suka tsare har baƙon ya tafi. An share masu gari don a ga tarihi da kyau. Mai rabin yini ba da mugunta yake yi ba, amma shi ma kusan haka yake yi, mutanen da yake gani kawai su ne masu sayar masa da abu.

Batun kuɗi ma yana nan. Wanda ya zo ya koma a yini ɗaya, kuɗin kwanansa da na abincin darensa a otal ɗin Dakar suke ƙarewa. Abin da yake bari a Gore bai wuce kuɗin shiga da farantin abinci da abin wuya ɗaya ba, shi ya sa ake kokawa a kansa. Tun a cikin jirgi mata masu rumfuna ke zama kusa da baƙo, su tambayi sunansa su faɗa masa nasu, su ce kada ya manta da su, kuma ba za su manta da shi ba ko da ya sauya riga. Abin yana gajiyarwa, ba a ɓoye wannan. Sai dai wanda ya kwana ya san cewa a rana ta biyu cinikin yake sauka. An riga an san fuskarsa, an san gidan da ya sauka, sai gaisuwa: nanga def, ya amsa mangi fi. Masaukan tsibirin ƙanana ne, yawancinsu tsofaffin gidaje ne da aka gyara, ɗakuna kaɗan da tsakar gida, kuma abin da aka biya yana shiga hannun mai wanki da mai kifi da mai burodi na nan cikin gari. Tsibirin na bukatarsa. Tsohon gidan gwamna ya zama kango, gine-ginen hukuma da dama iyalai ne suka raɓa a ciki, gishirin teku yana cin bango, igiyar ruwa kuma tana ɓarzar gaɓa har ta kai ana fargabar makomar masallacin nan da wasu gidajen bakin ruwa.

Mai iyali da ke tunanin tarbiyya shi ma a faɗa masa gaskiya: da tsakar rana bakin ruwan yana cika da baƙi masu shigar wanka, kuma gidajen abinci na bakin tasha suna sayar da giya. Yawancin mutanen garin Musulmi ne, akwai Kiristoci da cocinsu tun 1830, kuma sun daɗe da iya zama da juna. Wanda bai son ganin abin da rana ke kawowa sai ya hau Kastel ko ya shige gidan tarihi har jirgi ya rage jama'a.

Abinci ba zai ba Bahaushe wahala ba, illa ma ya riƙa cin karo da 'yan'uwa cikin baƙuwar riga. Cebu jen, shinkafa da kifi da kayan lambu da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2021, ita ce uwar dafa-dukan da ake ta gardama a kanta tsakanin Najeriya da Gana. Bisap zoɓo ne. Buy ruwan 'ya'yan kuka ne. Kofin Tuba da ake sayarwa a ƙananan kofuna, ƙanshin nan nasa mai yaji ba wani abu ba ne illa kimba. Sai ataya, shayin da ake dafawa a kan gawayi zagaye uku kamar na Buzaye, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ana ɗaga buta ana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Ba a shan ataya a tsaye. Zagaye ukun kan ci awa biyu, kuma tashi bayan kofin farko rashin ladabi ne. Wanda idonsa ke kan agogon jirgi ba zai taɓa kaiwa kofi na uku ba.

Wajen azahar ɗin Lahadi wani abu yakan faru da baƙo: abin gani ya ƙare. Ya bi kowane lungu sau uku, ya san kyanwar da ke kwana a kan kowace katanga, ya san lokacin da jirgi ke busa ƙaho. Gundura ta zo, hannu ya fara lalubar waya. Mutumin da ya saba da hayaniyar Kantin Kwari ko Wuse zai ji kamar an ɗaure shi, har ya fara lissafin ko ya bi jirgin yamma. Gara ya daure. A babban gari hutu yakan zama wani aikin, a je nan a je can, a dawo gida a gajiye fiye da yadda aka tafi. Ƙaramin tsibiri ba ya ba da wannan dama, ruwa ya tare gabas ya tare yamma. Dole a zauna a gindin kuka, a kalli masunta suna jan koma, a saurari tsohon da ke son ba da labarin zamanin shugaba Senghor da Faransancin da baƙon ke tsinta ɗaya-ɗaya, a sake komawa tunanin ɗakunan nan na ƙasa ba tare da mai jagora yana faɗa wa mutum abin da zai ji ba.

Ranar Litinin jirgin farko yana tashi tun gari bai gama wayewa ba. Babu mai kyamara a cikinsa. Ma'aikata ne masu zuwa ofis a Dakar, da ɗalibai rungume da jakunkuna suna gyangyaɗi, da mata masu manyan robobi za su kasuwa sayo kayan miya da ƙanƙara, wani dattijo a kusurwa yana jan carbi. Baƙon da ya kwana uku zai tarar ya san fuskoki biyar ko shida, wata ma za ta tambaye shi ko ya tashi lafiya, ta ce ya gaida mutanen gida. Idan jirgin ya kewaya ganuwar arewa ya miƙi hanyar tasha, a can bakin ƙofar shiga an fara taruwa: ayarin farko na ranar, da hulunan rana da gorunan ruwa, mai jagora yana ƙirga kawuna yana sanar da su cewa jirgin dawowa ƙarfe biyu ne.